TABARMA MAI TAFIYA: YADDA AKE ƘERA TA DA YADDA AKE KAFA TA

In kaka ta yi, buhuna kan taru a kasuwannin Caduwa, Agye, Gazawa, Tibiri da Gidan Runji. Ga na aya, ga na wake, ga na riɗi, ga na gujiya. Kowane buhu sai an ɗauke shi daga amalanke an kai mangaza. Daga mangaza kuma sai an ɗaga shi an ɗora bisa babbar mota. Buhu guda yana iya kai kilo 100. Ɗan dakon da ya wuni yana wannan aiki ya san abin da bayansa ke gaya masa da dare.

Akwai wani inji da anka ƙera don wannan aiki. Shi ne tabarma mai tafiya. Doguwar shimfiɗa ce ta roba, wadda anka haɗa bakinta biyu ta zama zobe. Tana tafiya bisa ƙarafa masu juyawa. A ɗora kaya a wannan kai, su sauka a wancan kai. Ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa masu mangaza suna iya sayenta, ko su sa mai walda ya ƙera musu. Amma in ba a ƙera ta daidai ba, ko ba a kafa ta daidai ba, tana cin kuɗi, tana kuma iya cin hannun mutum. Shi ya sa ya kamata a san yadda take aiki tun kafin a fidda ko dala.

BA BAƘUWA BA CE A ƘASAR MARAƊI

Tsofaffi sun tuna zamanin gujiya. A shekarar 1942 anka kafa kamfanin Siconiger a Maraɗi, mai matse man gujiya. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin Sonara don sayen gujiya da fidda ita waje. Sonara ta gina masana'antun ɓarar gujiya a Doso, Malbaza da Caduwa, cikin gundumar Agye. A irin waɗannan masana'antu, ba da kwando ake kai gujiya daga inji zuwa inji ba. Injinan ɗaukar kaya ne ke kai ta.

Farin 1973 da 1974 ya karya noman gujiya. A 1975 kuma cutar kuturtar gujiya, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta ƙarasa abin da ya rage. Manoma da yawa sunka koma ga wake da aya. Aikin Sonara ya ja baya har ya tsaya. Amma buhu bai daina nauyi ba.

A sauran duniya ma haka ne. A 1913 kamfanin Ford na Amurka ya fara harhaɗa motoci bisa layi mai tafiya: ma'aikaci na tsaye, aiki na zuwa wurinsa. A Bukra, cikin Yammacin Sahara, akwai tabarma mai tsawon kusan kilomita 100, wadda anka jera kashi-kashi don kai ƙasar fosfat bakin teku. Tsawonta ya fi nisan Maraɗi zuwa Agye. Da waccan babba da ƙaramar da za a kafa a ƙofar mangaza, dokarsu ɗaya ce.

ASIRIN YANA GA MIRGINAWA

Mace in za ta kai turmi bakin ƙofa, ba ta jan shi a ƙasa. Kwantar da shi take yi ta mirgina. Abin da ake mirginawa ya fi abin da ake ja sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne asirin ƙafar amalanke, shi ne kuma asirin tabarma mai tafiya.

Ƙarfen da ke juyawa ƙarƙashin tabarma ana kiransa rola. Rola bututun ƙarfe ne. Cikinsa akwai sandar ƙarfe da ta ratsa shi daga kai zuwa kai. Tsakanin bututu da sanda akwai boris biyu, ɗaya a kowane gefe, irin wanda ke cikin ƙafar amalanke. Sandar tana zaune bisa gadon inji, ba ta motsi. Bututun ne ke juyawa.

GAƁOƁIN INJIN

Gaɓoɓi shida ne.

1. Gado. Shi ne ƙarfen da ke ɗauke da kome, da ƙafafunsa.

2. Tabarma. Roba ce mai zare a ciki, don kada ta miƙe.

3. Gangar kai. Babbar rola ce da ke can inda kaya ke sauka. Ita inji ke juyawa, ita kuma ta ja tabarma.

4. Gangar wutsiya. Tana inda ake ɗora kaya. Ba ta ja. Da ita ake ɗaure tabarma ko a sassauta ta.

5. Ƴan rola. Su ne ƙanana da anka jera tsakanin ganguna biyu. Na sama suna ɗauke da kaya. Na ƙasa suna tallabe tabarma in tana komowa.

6. Inji da abin rage gudu.

Me ya sa ake sa inji a kai, ba a wutsiya ba? Saboda tabarma kamar igiya take. Igiya ja ake yi, ba a tura ta. Jaki ma gaban amalanke ake ɗaure shi.

LISSAFI NA FARKO: TAZARAR ROLA

Dokar masu ƙira ita ce: kowane lokaci kaya su kasance bisa rola uku, ko fiye. In bisa biyu kaɗai suke, sai su dinga tangaɗi, ko su nutsa tsakani.

Don haka a auna tsawon kayan, a raba uku. Buhu mai tsawon santimita 90, in an raba uku, ya ba da 30. Ke nan tazarar rola da rola kada ta wuce santimita 30, wato taƙi ɗaya da rabi. Na ƙasa ba su ɗauke da kaya. Ana iya barin mita 2 tsakaninsu.

Faɗi kuma, a auna faɗin kayan, a ƙara santimita 5 a kowane gefe. Ganga kuma ta fi tabarma faɗi kaɗan, don ko tabarma ta ɗan karkata kada bakinta ya goga ƙarfe.

In hatsi ne ko aya za a zuba tsura, ba cikin buhu ba, shimfiɗaɗɗiyar tabarma za ta zubar da su ta gefe. Sai a jera rola uku-uku: ɗaya a kwance a tsakiya, biyu a jingine a gefe. Tabarma sai ta lanƙwashe kamar komin shayar da dabbobi, ta riƙe ƙwaya.

Akwai kuma jerin rola da ba shi da tabarma. Wannan na kaya masu taurin gindi ne, kamar akwati da kwali. Buhu yana da laushi, yana nutsawa tsakanin rola. In dole sai an bi da shi nan, a ɗora shi bisa katako.

LISSAFI NA BIYU: GUDU

Nan ne mutane sunka fi yin kuskure. Injin lantarki yana da gudu ƙwarai. Irin wanda anka fi samu yana juyawa wajen sau 1,450 a minti ɗaya. Ba a haɗa shi da ganga kai tsaye.

Ga dalili. A ɗauki ganga mai kaurin santimita 20. In an zagaya ta da zare, zaren zai kai wajen santimita 63. Kowane juyi ɗaya, tabarma ta yi gaba da santimita 63 ke nan. In ta juya sau 1,450, tabarma za ta yi fiye da mita 900 a minti ɗaya. Wannan gudun mota ne bisa kwalta. Buhu zai tashi sama kamar an harba shi.

Gudun da ya dace da lodin buhu shi ne wajen mita 30 a minti. Bai kai saurin tafiyar mutum ba. Don a samu haka, ganga ta juya sau 48 kaɗai a minti. Ke nan sai an rage gudun inji sau 30.

Yaya ake ragewa? Duk mai keken ɗinki ya san abin. Babbar ƙafar ƙasa in ta juya sau ɗaya, ƙaramar ta sama ta juya sau da yawa. A nan juya abin ake yi: ƙarami ne ke jan babba. Faifan da bel ke hawa ana kiransa fuli.

A sa fuli mai santimita 10 a bakin inji. A haɗa shi da bel zuwa fuli mai santimita 50. Gudu ya ragu sau 5: daga 1,450 ya koma 290. Bisa sandar wannan babban fuli a sa wani ƙarami mai santimita 10. A haɗa shi da mai santimita 60 a jikin ganga. Gudu ya ƙara raguwa sau 6: daga 290 ya koma 48. Biyar sau shida, talatin. Lissafi ya fita.

Ana kuma sayar da akwatin giya da ke yin wannan aiki shi kaɗai. Ya fi tsada, amma bai cin wuri. Kuma duk lokacin da gudu ya ragu, ƙarfin ja yana ƙaruwa. Shi ya sa ƙaramin inji ke iya jan buhuna da yawa.

In da injin gazuwal za a yi aiki, irin na niƙa, gudunsa dabam ne. Wani sau 650 yake juyawa a minti, wani 850, wani fiye da 2,000. A jikin kowane inji akwai ɗan allon ƙarfe da anka rubuta gudunsa da ƙarfinsa. A karanta shi kafin a sayi fuli. Nan ne amfanin karatu ke fitowa. Wanda ya iya karanta lambobin nan, ba a sayar masa da abin da bai dace ba.

In tabarmar ta tsince ce, inda mata za su zauna gefe suna fidda ruɓaɓɓiyar gujiya da tsakuwa, gudu kada ya wuce mita 10 a minti. Wannan aiki yana da muhimmanci. Gujiyar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Ido bai iya ganinta in tabarma na gudu.

LISSAFI NA UKU: HAWA DA ƘARFI

Tabarma tana iya hawa, amma ba ta hawa bango. In santsi gare ta, kada hawan ya wuce mita 1 cikin kowace mita 4. Mai son ɗaga buhu mita 2 zuwa bayan babbar mota yana bukatar tabarma mai mita 8. In an miƙe ta fiye da haka, buhu zai zamo baya. Wake da aya masu mirginawa ne. Su sai an liƙa ma tabarma ƴan tsani na roba a gicciye.

Ƙarfin inji da doki ake auna shi. Doki ɗaya shi ne ƙarfin ɗaga kilo 75 sama mita 1 cikin daƙiƙa ɗaya. In ana ɗora buhu bayan kowace mita 2, buhu 15 za su wuce a minti. Ɗaga buhu 15 masu kilo 100 zuwa mita 2 a minti bai kai aikin doki ɗaya ba. Amma boris da bel da nauyin tabarma suna cin nasu rabo. Tashi da kaya a bisa kuma yana son ƙarfi fiye da tafiya. Don haka inji mai doki 2 ya isa irin wannan tabarma. Sayen mai doki 10 ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar mai.

ROLA MAI INJI A CIKI

Akwai wata ƙira ta zamani. Maimakon inji a waje da bel da fuli, sai a sa injin lantarki da giyarsa cikin gangar kanta, a rufe. Daga waje ba a ganin kome sai bututu. Sandarsa ba ta juyawa. Ta cikinta wayar wuta ke shiga.

Wajen kafa shi akwai abu uku da za a kula. Na farko, kan sandar ba mulmulalle ba ne. An fere shi gefe biyu, ko a yi masa kusurwa shida. Dole mazauninsa ya kama shi ƙam. In mazaunin ya yi yawa, sandar za ta juya, ta murɗe waya ta tsinke. Na biyu, kada a lanƙwasa waya a bakin sanda, kada kuma a ɗaga ganga da ita. Na uku, babbar ganga mai inji a ciki tana fidda zafinta ne ta jikin tabarma. Ba a barinta tana juyawa ita kaɗai na dogon lokaci.

Akwai ƙanana masu kaurin wajen santimita 5, masu aiki da bolt 24, wato ƙarfin batirin mota biyu. Ɗaya tana jan ƴan uwanta da ke kusa da zoben roba. Su ake gani a manyan ɗakunan ajiyar kaya na ƙasashen waje.

Amfanin wannan ƙira shi ne ƙura ba ta shiga, kuma babu bel a waje da zai kama riga. Aibinta shi ne tsada da wuyar gyara. In ta lalace, makanikin ƙauye bai iya buɗe ta da kayan aikin da ke hannunsa. Wadda ke da inji a waje kuwa, in bel ya tsinke ana samun wani a Maraɗi ko Tasawa. Kafin a saya, a fara tambaya: wa zai gyara, kuma ina kayan gyara suke?

Sai zancen wuta. Babban layin lantarki da ya fito daga Katsina a Gazawa yake sauka, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Amma ba kowane gari ya samu ba. Wutar gida ta Nigelec bolt 220 ce. Manyan injina suna son mai waya uku, bolt 380. A duba irin wutar da ke garin tukuna. Inji mai waya uku in ya juya baya, musanya waya biyu ake yi. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na kowa ba.

YADDA AKE KAFAWA

1. A daidaita wuri. Ƙasar nan rairayi ce, ƙafar ƙarfe tana nutsewa. A zuba siminti ƙarƙashin kowace ƙafa, a dasa ƙusoshi masu noti, a bar shi kwana bakwai ana yayyafa ruwa.

2. A duba kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. In babu ma'aunin magina, a samu siririn tiyo mai haske, a cika shi da ruwa, a ɗaga bakinsa biyu. Ruwan zai tsaya daidai a gefe biyu. Da shi za a gwada.

3. A duba kusurwa. A ja zare daga kusurwar hagu ta kai zuwa kusurwar dama ta wutsiya, a auna. A sake ja daga dama zuwa hagu. In awo biyu sun zo ɗaya, gado ya miƙe. Haka magina ke yi in za su aza ɗaki.

4. A ɗora ganguna da rola. Kowace ta gicciya gado sak, ba karkace. A juya kowace da hannu. Wadda ta ƙi juyawa a cire ta. Rolar da ta tsaya tana cin tabarma kamar zarto.

5. A sa tabarma. Ta rungumi rabin gangar kai, ko fiye. In an lulluɓe gangar da roba, ta fi kamawa.

6. A daidaita fuli. A ɗora zare a fuskar fuli biyu. Ya taɓa su duka ba tare da lanƙwasa ba. In sun saɓa, bel zai ci gefe ɗaya ya mutu da wuri.

7. A ɗaure bel daidai. A danna tsakiyarsa da babban yatsa. In tazarar fuli biyu mita 1 ce, ya nutsa kamar santimita ɗaya da rabi. In ya yi sako-sako zai zame ya yi zafi. In ya yi tauri da yawa zai kashe boris.

8. A rufe bel da fuli da ragar ƙarfe kafin a tada inji.

9. A tada ba kaya, a bar ta ta yi zagaye da yawa. Bayan nan a sa buhu ɗaya, sannan biyu.

IN TABARMA TA KARKATA

Sabuwar tabarma takan gudu gefe ɗaya. Ba aljani ba ne, kuma ba a gyara ta da sanda. A gangar wutsiya akwai dogayen noti biyu, hagu da dama. In tabarma ta nufi hagu, a ɗaure na hagu kaɗan, rubu'in juyi kawai. A dakata ta zagaya sau uku ko huɗu. In ba ta komo ba, a ƙara rubu'i. Mai gaggawa zai ɗaure da yawa, ta gudu ɗaya gefen. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu ƙira kan sa tsakiyar ganga ta fi bakinta kauri kaɗan. Tabarma tana neman wuri mafi tudu, don haka sai ta zauna tsakiya da kanta. Kaya ma a dinga ɗora su a tsakiya. In ƙasa ko ɓawo sun manne a jikin ganga, za su karkatar da ita. A kashe inji a kankare.

KULA DA ITA

Maƙiyin boris shi ne ƙura. A lokacin hunturu iska na ɗauke da ita dare da rana. Aya kuma da rairayi take zuwa daga gona. Gara a sayi boris mai murfin roba. Wanda ke da bakin giris a dinga ba shi kaɗan-kaɗan, bayan an goge bakin. Giris in ya yi yawa shi ma yana sa zafi.

Kowace safiya mai kula da inji ya zagaya ta tun ba a tada ba. Ya duba noti. Ya duba mahaɗin tabarma. In an tada, ya saurara. Boris mai shirin mutuwa yana kuka. In an kashe inji, ya taɓa mazaunin boris. In hannu bai iya zama a kai ba, akwai matsala.

Rana tana fasa roba. A yi mata rumfa. In damina ta zo aiki ya tsaya, a sassauta tabarma, a rufe inji, a kula da ɓeraye.

Ƙungiya ta ajiye littafi. A rubuta ranar da anka sa giris, ranar da anka sake bel, da kuɗin da anka kashe. Daga kuɗin kowane buhu a ware wani abu don gyara. Injina da yawa sun kwanta a garuruwa, ba don babbar ɓarna ba, sai don ranar da ƙaramin abu ya lalace babu ko dala a asusu.

INJI BAI SAN MAI SHI BA

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Wurin da tabarma ke shiga ƙarƙashin ganga baki ne. Wurin da bel ke hawa fuli shi ma baki ne. Abin da ya shiga bai fitowa. Tabarma mai tafiya a hankali ta fi ruɗin mutum, don yana ganin zai iya fizge hannunsa. Ba zai iya ba. Ƙarfin da ke jan buhu huɗu a lokaci ɗaya ya fi ƙarfin damtsensa.

Yawanci ba hannu inji ke fara kamawa ba. Tufa yake kamawa, tufa ta jawo mai ita. Don haka:

- Mai aiki kada ya sa babbar riga ko rawani mai jela. Ya sa ƴar shara, ko riga mai kama jiki.

- Mata masu tsince su ɗaure mayafi ko hijabi ƙam, kada ya yi lilo. Kada mai goyo ta zauna kusa da ganga.

- A cire laya mai igiya, da carbi, da zobe.

- Yara ba su hawa tabarma, ko tana tsaye.

- Ba a shara, ba a sa giris, ba a zare abin da ya maƙale, sai an kashe inji. Wanda zai yi gyara shi zai kashe da hannunsa, ya riƙe makulli a aljihunsa, don kada wani ya tada bai sani ba.

- Makashin inji ya kasance kusa, kowa ya san shi. In tabarma doguwa ce, a ja igiya a gefenta wadda in an fizga inji zai tsaya.

- Kafin a tada, mai tadawa ya ɗaga murya, ya ga kowa da idonsa.

In tsautsayi ya faru, a kashe inji tukuna. Kada a ja mutum da ƙarfi. A sassauta notin wutsiya, ko a yanke tabarma. Tabarma ana sayen wata. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi likita nan take. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai. A tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki.

KAFIN A YANKE SHAWARA

Ba kowane gari ke bukatar wannan inji ba. Inda ake loda mota ɗaya a wata, kuɗinsa ba zai fita ba. Inda motoci ke layi duk kaka, lissafi dabam ne. Da buhu 15 a minti, buhu 300 za su hau mota cikin minti 20, in masu ɗorawa da masu jerawa sun iya bin ta.

Akwai kuma zancen ƴan dako. Da wannan aiki suke ci da iyalinsu. Tabarma ba ta ɗora ma kanta buhu, ba ta kuma jera shi cikin mota. Hawa da nauyi kaɗai take ɗauke ma mutum. Amma gaskiya ne hannun da ake bukata zai ragu. Ya kamata a zauna da su tun farko, a shirya yadda za a biya, kuma daga cikinsu a zaɓi waɗanda za a koya ma kula da injin.

In kaya daga sama za su sauko ƙasa, ba a ma bukatar inji. Jerin rola da anka ɗan gangarar, santimita 3 zuwa 5 cikin kowace mita, ya isa akwati ya tafi da kansa. Ba mai, ba wuta.

Ƙungiyar da ke da niyya ta auna buhunta, ta auna tsayin mota, ta auna filin da take da shi. Ta rubuta lambobin a takarda. Da takardar nan za a je wurin mai walda da malamin gona.

AIKI DON MASU KARATU

1. Akwati yana da tsawon santimita 60. Nawa ne tazarar rola da rola?

2. Ana son ɗaga buhu mita 3. Tabarma mai mita nawa ake bukata?

3. Inji yana juyawa sau 850 a minti. An sa masa fuli mai santimita 10, yana jan mai santimita 50. Sau nawa babban zai juya?

4. A je wurin injin niƙa na gari tare da malami. A duba ko belinsa a rufe yake. In ba a rufe yake ba, a yi magana da mai shi da mai gari.